Yadda Jagoran Wasa Zai Bi da Ƙorafin 'Yan Teburinsa Idan An Sauƙaƙa Dokoki

A wasan kwaikwayon jarumai na kan teburi, irin Dungeons & Dragons da aka fara bugawa a Amurka a 1974, mutum huɗu ko biyar ne suke zama, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, mutum ɗaya kuma yana jan ragamar labarin, shi ne jagoran wasa. Idan jarumi ya yi yunƙurin wani abu mai haɗari, sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska 20, a duba abin da doka ta ce. Shi ya sa duk ranar da kamfani ya fitar da sabon bugu ya ce ya sauƙaƙa dokoki, jagora ne yake fara shan ƙorafi, domin shi ne a gaban mutane, masu rubuta littafin kuwa suna can nesa.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, aikin da aka cire daga littafi ba ya ɓacewa, kanka yake dawowa. Dokar da a da ta cika shafi guda, idan aka mayar da ita layi biyu, duk tambayoyin da shafin nan yake amsawa kai za a riƙa yi wa su. Wanda ya fahimci haka tun farko zai saurari masu ƙorafi da kunnen basira, maimakon ya ɗauke su masu taurin kai.

Kafin ka kira zama, ka karanta sabon bugun da takardun jaruman mutanenka a gefe, kana duba abin da kowa ya rasa da abin da ya samu. Ka kuma san tarihin rigimar, domin tsohuwa ce. A bugun 1989 akwai wani lissafi da ake kira THAC0, inda ƙarancin lambar sulke shi ne ƙarfinsa, kuma sai an yi ɗebewa kafin a san ko sara ya kama. Bugu na uku da ya fito a 2000 ya juya lissafin, ya zama ka jefa dayis, ka haɗa da lambarka, idan jimillar ta kai lambar sulken abokin gaba ka same shi. An yi gunaguni a lokacin, amma yawancin 'yan wasa sun karɓa, saboda babu wani zaɓi da aka ƙwace wa ɗan wasa, wahalar lissafi kawai aka rage. Bugu na huɗu na 2008 kuwa ya ɗora dukkan jarumai a kan tsari ɗaya, kowa da dabarar da zai yi a kowane lokaci, da ta sau ɗaya a kowane faɗa, da ta sau ɗaya a rana. Da yawa suka ce mayaƙi da matsafi sun zama kamar an tsaga kara, wasan kuma ya koma kamar na kwamfuta. A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da nasa wasan mai suna Pathfinder a kan tsohon tsarin bugu na 3.5, wato gyararren bugu na uku, jama'a masu yawa suka koma can. Da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga Dungeons & Dragons, ya zo shirya bugu na biyar, sai ya buɗe gwaji ga kowa tun 2012, ya ce sama da mutum 175,000 ne suka shiga kafin littafin ya fito a 2014. Bambancin da ke tsakanin 2000 da 2008 shi ne ma'aunin da za ka riƙa auna kowane ƙorafi da shi: wahala aka cire, ko zaɓi aka cire?

Kada ka fara da muhawara. Ka shirya gajeren labari na zama ɗaya ko biyu, da sababbin jarumai waɗanda babu wanda ya shaƙu da su, ka ajiye dogon labarinku a gefe tukuna. Mutum ba ya iya yi wa doka adalci idan a jikin jarumin da ya shekara biyu yana raino ake gwada ta. Dokokin farko na bugu na biyar an sake su kyauta a intanet tun 2014, don haka babu wanda za a tilasta wa sayen littafi kafin ya ɗanɗana. A cikin labarin gwajin ka tabbatar akwai faɗa, akwai sanɗa, akwai ciniki ko rarrashi, kuma ka saka abin da tsohon bugun ya fi wahalarwa. Kokawa misali ce mai kyau: a bugu na 3.5 matakai huɗu ake bi kafin jarumi ya cafke abokin gaba, har mutane da yawa suka daina gwadawa don gudun buɗe littafi, a bugun 2014 kuwa kowane ɓangare jifa ɗaya yake yi a gwada wanda ya fi.

Inda za ka fi daɗewa shi ne dokar rinjaye da naƙasu, domin ita ce zuciyar sauƙaƙawar 2014. A tsohon tsari ana tara ƙananan lambobi: 2 idan kun sa abokin gaba a tsakiya, 1 idan kana kan tudu, 2 idan ka afka masa a guje. A sabon tsari, idan yanayi ya yi maka kyau sai ka jefa dayis biyu ka ɗauki babba, rinjaye ke nan, idan ya yi maka muni ka ɗauki ƙarami, naƙasu ke nan. Na ga yadda wannan yake taɓa mutum a teburina. Wani ɗan wasanmu, wanda yake zuwa da fensir biyu da takardarsa duk ta sha gogewa, ya ɗauki zagaye biyu yana lallaɓawa har ya hau kan katanga ya zagayo bayan dodo, ga kuma abokinsa ya riga ya kayar da dodon ƙasa. Da na ce masa dayis biyu zai jefa, daidai da wanda bai motsa daga inda yake ba, sai ya ajiye fensirin ya ce, “Malam, duk dabarar da na yi ta tafi a banza ke nan?” Gaskiyarsa ce, domin a wannan doka rinjaye ba ya taruwa, dalili ɗaya da dalili uku duk dayis biyu ne, kuma naƙasu ɗaya tak yana soke su gaba ɗaya.

A irin wannan wuri abu biyu za ka yi. Ka fara nuna masa lissafin a fili, saboda mutane suna raina rinjaye alhali yana da nauyi. Idan kana neman 11 ko fiye, damarka da dayis ɗaya kashi 50 cikin ɗari ce, da rinjaye kuwa ta zama 75. Idan 20 kaɗai kake nema, daga kashi 5 take hawa zuwa kusan 10. Bayan haka ka biya shi ladan dabararsa ta hanyar labari, tun da lamba ba za ta biya shi ba: wanda yake kan katanga ya ga ƙofar da sauran ba su gani ba, ko dodon ya kasa kai masa hannu sai ya hau. Wannan shi ne aikin da na ce ya dawo kanka, kuma a ganina shi ne mafi daɗin aikin jagora.

Akwai ƙorafin da tsoron lamba ne kawai, kuma shi ba ya ɗaukar lokaci. Mayaƙi mai mataki na 10 a bugu na 3.5 yana da ƙarin 10 a harinsa, a bugu na biyar kuwa ƙarin ƙwarewarsa 4 ne, domin daga 2 yake farawa ya tsaya a 6. Ka buɗe masa littafin dodanni ya gani: Tarask, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi, lambar sulkensa 35 ce a da, ta koma 25. Haka ma wanda ya damu don an haɗe gani da sauraro a gwaninta ɗaya, ɓuya da tafiyar sanɗa ma a ɗaya, zama biyu ya ishe shi ya saba.

Ƙorafin mai wasa da matsafi daban ne, kuma kada ka yi masa kwaskwarima. A da yana iya tashi sama, ya ɓace wa gani, ya ƙara sauri, duk a lokaci guda. Yanzu dukkan ukun suna buƙatar tattara hankali, kuma sihiri ɗaya kaɗai ake riƙewa a haka. Wannan ragi ne na gaske, da gangan aka yi shi don kada matsafi ya mamaye wasan. Ka faɗa masa haka kai tsaye, ka bar shi ya sake gina jaruminsa daga tushe. Kada ka yi ƙoƙarin juya tsohuwar takarda lamba bayan lamba, domin ba za ta zauna ba. Ka tambaye shi abu uku da mutane suka san jaruminsa da su, ku nemo hanyar da sabon bugun yake ba da su.

Bayan zaman gwaji, ka tambayi kowa shi kaɗai kafin ku taru, ko da ta waya ne. A taro, mai ƙarfin murya da wanda ya fi daɗewa a wasan su suke cika wuri, sabon shiga kuma yana jin nauyin ya ce shi sauƙin nan ne ya sa ya fara jin daɗin wasa. Na sha ganin wadda a da sai ta juya ta tambayi na kusa da ita lambar da za ta haɗa, ta koma tana bayyana abin da jarumarta take yi ba tare da ta kalli takarda ba. Ra'ayinta yana da nauyi daidai da na tsohon hannu, kuma haƙƙinka ne ka tabbatar an ji shi.

Game da dokokin gida, wato waɗanda teburi yake ƙirƙira wa kansa, ka yi haƙuri har ku yi zama uku ko huɗu da dokar yadda aka rubuta ta. Idan har yanzu wani wuri yana ciwo, ka dawo da abu ɗaya kawai, ka rubuta shi a takarda kowa ya gani, ku sa ranar da za ku sake dubawa. Littafin jagora na 2014 yana da dokar zaɓi ta sa abokin gaba a tsakiya, amma ka lura cewa tana sa rinjaye ya yi arha har sauran dabaru su rasa daraja. Idan ka ga jerin dokokin gidanka ya kai shafi guda, to teburinka tsohon bugu yake so, kuma babu laifi ku koma masa, littattafan suna nan kuma dokokinsu suna aiki.

Idan teburin ya rabu biyu, ku ƙarasa dogon labarin da kuke ciki da tsohuwar doka, ku buɗe sabon labari da sabuwa, kuna yin mako-mako. Ka sanar da ranakun tun da wuri, ka kuma roƙi wanda ya fi ƙwarewa a tsohon bugun ya karɓi ragama a makonsa, kai ka zauna a cikin 'yan wasa.