Yadda Ɗan Talaka Zai Nemi Gurbin Karatu Da Tallafi A Jami'o'in Amurka

Kuɗin shekara ɗaya a manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu, in aka haɗa karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Ba sai an juya shi zuwa naira ko sefa ba, kowa ya san ya fi ƙarfin albashin malamin firamare da amfanin gonar manomi. Duk da haka akwai makarantun da ke ɗauke wa ɗalibi wannan nauyin baki ɗaya idan gidansu ba hali, ko da ba ɗan ƙasar ba ne. Sai dai ba su da yawa, kuma yaranmu sukan ƙarar da ƙarfinsu suna buga ƙofar da ba a taɓa buɗe wa marar kuɗi ba.

Kafin ka kashe ko sisi, bincika maganar biza. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe wa 'yan wasu ƙasashe ƙofa, ciki har da Chadi da Sudan. A Disamba ta faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga, Najeriya ma aka taƙaita mata wasu nau'o'in biza har da ta ɗalibai. Irin wannan doka tana sauyawa, don haka shafin ofishin jakadanci ne zai gaya maka halin da ake ciki yau. Kuma ka rubuta JAMB ɗinka kamar kowa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mataki na farko: raba makarantun gida uku

A nan ake cin wasan, a nan kuma ake faɗuwa. Kashi na farko su ne masu rufe ido ga aljihunka: suna duba takardunka ba tare da la'akari da ko za ka iya biya ba, in sun ɗauke ka kuma su cike duk abin da ka gaza. Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna cikinsu, Brown da Notre Dame ma sun bi sahu a baya-bayan nan. Kalmar da za ka gani a shafinsu ita ce need-blind, amma ka tabbatar sun ce ta shafi baƙi, domin da yawa 'yan ƙasa kawai suke nufi. Aibinsu ɗaya: duk duniya can ta nufa. Harvard ba ta ɗaukar ko biyar a cikin ɗari na masu nema.

Kashi na biyu masu leƙa aljihu ne. Stanford, Columbia, Williams da Swarthmore suna biya wa baƙon da suka ɗauka duk buƙatarsa, amma neman tallafin kansa yana rage maka dama, domin kason baƙi ƙayyadadde ne. Wanda ke buƙatar komai da komai sai ya fi abokin takararsa mai kuɗi nesa ba kusa ba.

Kashi na uku su ne mafi yawa, musamman jami'o'in jihohi. Za su iya ba ka gurbi da murna, su rage maka ɗan wani abu, su bar ka da gibin dala dubu talatin. Takardar taya murna ce kawai za ka samu ta nuna wa dangi.

Wani abin lura: kada kalmar kwaleji ta ruɗe ka. Ba irin kwalejin ilimi ta NCE ba ce. Amherst da Bowdoin digiri cikakke suke bayarwa, kuma sau da yawa ƙananan nan sun fi kula da ɗalibi. Akwai ma Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowa, sai dai kowane ɗalibi ya yi aikin aƙalla awa goma a mako. A ganina, jerin da duk sunayen cikinsa kawunka ya taɓa ji a rediyo bai yi ba.

Mataki na biyu: takardu da jarrabawa

Sakandaren Amurka shekara huɗu ce, saboda haka ka karɓo sakamakonka daga JSS3 zuwa SS3, da na WAEC ko NECO in ya fito. Ɗan Nijar zai sa a fassara masa nasa daga Faransanci zuwa Ingilishi. SAT kuwa, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka wadda makinta ke tsayawa a 1600, ta dawo da ƙarfinta: MIT ta sake wajabta jarrabawa a 2022, Harvard da Dartmouth da Brown suka biyo baya a 2024. Yanzu a kwamfuta ake yinta, kuma darussan shirya mata a shafin Khan Academy kyauta ne. Ga wanda ya fito daga makarantar gwamnati da ba wanda ya san sunanta a can, maki mai kyau shi ne shaidar da ba ta buƙatar tafinta. Gwajin Ingilishi kuma, ka rubuta wa makarantar ka tambaya. Wasu na yafe wa wanda ya yi karatunsa da Ingilishi, wasu na karɓar Duolingo, wadda ta fi TOEFL araha.

Mataki na uku: Common App

Fom ɗaya ne da ake aika wa makarantu har 20, ana buɗe shi 1 ga Agusta. Makarantu da yawa na da kuɗin nema, amma akwai gurbin roƙon yafiya, malamin da ke tsaya maka ya tabbatar da halin gidanku. Kada kunya ta hana ka.

Akwai rubutun kai da bai wuce kalma 650 ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kuka: talauci, rashin wuta, burin ceto Afirka. Mai karantawa ya ga irinsa dubbai. A ce kana taya yayanka gyaran waya a kasuwa. Ba su labarin ranar da ka gano cewa ba batir ne ya mutu ba, wata 'yar siririyar waya ce ta tsinke, da yadda ka kwana kana tunaninta. Haddar Alƙur'ani, koyarwa a Islamiyya, rainon ƙanne, kiwon akuya, duk ayyuka ne da ake lissafawa.

Wasiƙar malamai ma haka. "Yaro ne mai ladabi da biyayya" ba ta ɗaga kowa. Zaɓi malamin da ya san ka, ko da ba shi ne shugaban makaranta ba, ka je masa wata biyu kafin lokaci, ka taimaka masa ya buɗe imel in ba shi da shi, domin ta nan za a turo masa hanyar ɗora wasiƙar.

Mataki na huɗu: fom ɗin tallafi

FAFSA, takardar neman tallafin gwamnatin Amurka, ba taka ba ce, ta 'yan ƙasa ce. Naka shi ne CSS Profile, wanda ake buɗewa 1 ga Oktoba, dala 25 makarantar farko, 16 kowace ƙari. In ba ka da su, rubuta wa ofishin tallafin makarantar. Wasu za su turo maka lambar biya, wasu su ba ka fom na takarda mai suna ISFAA. Princeton nata fom ɗin daban ne kuma kyauta.

An tsara CSS Profile ne don gidan da ke da albashi da takardar haraji. Baba kuwa manomi ne, ko yana da rumfa a kasuwa. To ku zauna da shi bayan Isha da biro da takarda. Buhu nawa na masara aka samu bana, nawa aka ci, nawa aka sayar, a kan nawa? Me aka kashe a taki? Mutum nawa ke ci daga tukunyar gidan? In matansa biyu ne da 'ya'ya goma sha huɗu, ga kaka, ga marayun ƙaninsa, akwai gurbin ƙarin bayani, rubuta shi dalla-dalla. Inda ba takardar haraji, ana karɓar wasiƙar wurin aiki, bayanin banki, ko rubutaccen bayanin iyaye da sa hannu.

Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka ɓoye dukiya, domin ƙarya in ta fito ana janye gurbin. Kada kuma ka ce ba ka buƙatar tallafi don a ɗauke ka, da niyyar ka roƙa daga baya. Makarantu da yawa ba sa sauraren baƙon da bai nema tun farko ba, har ya gama shekara huɗu.

Mataki na biyar: lokaci

Zangon wuri galibi 1 ga Nuwamba yake rufewa, na gama-gari kuma farkon Janairu. A zangon wuri akwai nau'in da ke ɗaure mutum, in an ɗauke ka dole ka je, sai in tallafin bai isa ba. Yana iya ƙara dama, amma yana hana ka kwatanta tayi. Sakamakon gama-gari na fitowa ƙarshen Maris, kai kuma ka ba da amsa kafin 1 ga Mayu. Kada ka jira daren ƙarshe, wuta da netwok ba su san wa'adi ba.

Mataki na shida: karanta tayin da idon basira

Ware kyauta daban, bashi daban, kuɗin aikin cikin makaranta daban. Tambayi inshorar lafiya, tikitin jirgi, kayan sanyi, da wurin zama lokacin hutu. In akwai gibi, rubuta musu cikin ladabi, ka haɗa da hujja, kamar faɗuwar darajar naira. Sukan sake dubawa. Bayan sun turo takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, akwai dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, da 185 na biza. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara, kuma suna da shirin Opportunity Funds da aka kafa don irin waɗannan kuɗaɗen farko. Duk wakilin da ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi a Yale, riƙe kuɗinka.

Takardun nan da ka tara ba na Amurka kaɗai ba ne. Da su za ka nemi shirin gidauniyar Mastercard a jami'ar Ashesi a Gana. Akwai NYU Abu Dhabi, reshen jami'ar New York a Daular Larabawa, ga kuma tallafin gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa a Janairu, wanda ke ɗaukar kuɗin karatu da masauki da tikiti.