Yadda Ake Gwada Dokokin Iskar Gas a Aji da Sirinji

Abubuwa uku ne ke tafiyar da halin iskar da aka kulle a cikin mazubi: matsinta, da girman wurin da ta cika, da zafinta. Sharaɗin kowane gwaji shi ne a tsayar da ɗaya, a sauya na biyu, sannan a lura da abin da zai sami na uku.

A fara da dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662. A sami babban sirinji marar allura, a ja sandarsa zuwa mililita 40, a toshe bakinsa sosai, sannan a tura sandar har ta kai 20. Ɗalibi zai ji sandar tana turo babban yatsansa, domin ƙwayoyin iskar da aka takure a rabin wurinsu suna bugun bangon sirinjin akai-akai, matsin kuma ya ninka, daga kusan kilofaskal 101 zuwa kusan 202. Wajibi ne a tura a hankali, saboda matsa iska da gaggawa yana ɗumama ta, alhali dokar ba ta aiki sai zafin bai sauya ba.

Dokar Charles, wadda ta ce idan matsi bai sauya ba girman iska yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafinta, ta fi buƙatar haƙuri. A kulle mililita 30 na iska a zafin digiri 27 na ma'aunin Celsius, a nutsa sirinjin a ruwa mai digiri 77, a bar sandar ta motsa da kanta. Idan ta maƙale, a ɗan ƙwanƙwasa gefen sirinjin. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka ina ganin bai kamata malami ya wuce wurin da sauri ba: dole ne a mayar da zafin zuwa ma'aunin Kelvin ta hanyar ƙara 273. Ke nan zafin ya tashi daga 300 zuwa 350, lissafi kuma ya ba da mililita 35. Wanda ya yi aiki da 27 da 77 kai tsaye zai yi tsammanin iskar ta kusa ninkawa sau uku, sirinjin kuwa zai ƙaryata shi nan take.

Idan girman mazubin ne aka tsayar, matsi yana hawa tare da zafi. Wannan kam a nuna shi da mazubin ƙarfe mai ma'aunin matsi a cikin ruwan ɗumi, kada a kuskura a ɗora rufaffiyar kwalba a kan wuta, domin tana iya fashewa ta ji wa ɗalibai ciwo.