Kafin ka ɗaure jakar zuwa Japan

Duk wanda ya kira ni ya ce ya samu bizar Japan, ko ta karatu ce ko ta 'yar ziyarar kasuwanci, abin da nake fara tambayarsa shi ne me ya zuba a jaka. Sai ya yi dariya, ya zaci rabona nake nema. A'a, halinmu na sani. Bahaushe ba ya doguwar tafiya sai Hajiya ta ƙulle masa kilishi da dambun nama, matar yaya ta daka yaji, kawu ya aiko da goro. To, ɗan'uwa, nama ba ya wuce ƙofar Japan, ɗanye ne ko busasshe ko soyayye. Tun 2020 suka ƙara tsananta hukuncin: ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai yen miliyan 3.

Ni na ɗanɗana. Ranar da na fara sauka, ina tsaye ina jiran akwatina, sai ga wani ɗan guntun kare mai faɗin kunnuwa, an sa masa 'yar riga, ya shinshina jakar hannuna, ya zauna ya ƙura mini ido. Matar da ke riƙe da igiyarsa ta rusuna ta gaishe ni, ta nuna mini wani teburi. Kilishin da Hajiyarmu ta naɗe a takarda ninki uku, shi aka zaro. Ba tsawa, ba ɗaure fuska, haƙuri ma take ta ba ni, amma ko ɓalli ɗaya ba ta bar mini ba. Na buɗe baki zan ce a taimaka, sai na ga ba inda maganar za ta shiga. Na ci sa'a aka tsaya a gargaɗi. A nan na fara gane ƙasar: za a mutunta ka iya mutuntawa, amma alfarma ba ta da kasuwa. Wanda ya saba da "ai za a duba" zai sha mamaki a makonsa na farko.

Ɗanyen goro, 'ya'yan itace da duk wani iri na shuka su ma akwai teburinsu na bincike, kuma galibi takardar lafiyar tsiro suke nema daga ƙasar da aka taso. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa, idan ka ɗauko, ka fito da su ka nuna da kanka, kada a gano su a ƙarƙashin shadda. Magani ma haka. Wanda likita ya rubuta maka, idan ya wuce na wata ɗaya, sai ka nemi takardar izini tun kana gida, sunanta Yunyu Kakunin-sho. Wasu magungunan mura da na tari da muke saye a kemis ba tare da tunani ba, can laifi ne shigo da su. Kowane magani ya zauna a kwalinsa, da takardar likita. Ƙullin sassaƙe a farar leda, marar suna marar rubutu, bar wa mutanen gida.

Batun takardu ba shi da wuya idan an bi shi daki-daki. Ofishin jakadancin Japan a Najeriya yana Abuja, na Ghana yana Accra. Mai zuwa dogon zama, makaranta ko kamfanin da ya gayyace shi ne ke fara nemo masa takardar cancantar zama daga hukumar shige da fice ta can, da ita yake neman biza. Kafin ka tashi, cike bayananka a shafin Visit Japan Web, ka ɗauki hoton lambar da za su ba ka a waya, don kada intanet ta ba ka kunya a layi. A manyan filayen jirgi kamar Narita, Haneda da Kansai, nan take ake miƙa wa mai dogon zama katin zama, wanda suke kira zairyu. Ɗalibi ya nemi izinin ɗan aikin wucin gadi a wannan teburin tun bai wuce ba. Awa 28 ne a mako lokacin karatu, kuma suna ƙirgawa. Da ka samu matsuguni, kana da kwana 14 ka je ofishin gunduma a rubuta adireshinka a bayan katin. A wurin za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda za ta sa ka riƙa biyan kashi 30 cikin 100 kawai na kuɗin asibiti. Katin zaman nan kada ya rabu da aljihunka ko shago za ka leƙa. Mai gajeriyar ziyara kuwa, fasfo ɗinsa ne zai riƙa yawo da shi.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya. Ta Addis Ababa, Doha, Dubai ko Istanbul ake bi. Japan tana gaban Kano da awa 8, saboda haka kwanakin farko za ka riƙa gyangyaɗi da azahar, ido biyu da tsakar dare. Naira ba ta canzuwa a can, ka riƙo dala, kuma idan abin da ke hannunka ya haura darajar yen miliyan 1 sai ka bayyana wa kwastan. Na'urar cire kuɗi ta shagunan 7-Eleven da ta gidan waya suna karɓar katin ƙasashen waje, amma kada ka dogara da katin banki ɗaya. Idan Narita ka sauka, kada ka kuskura ka tari tasi: kusan kilomita 60 ne zuwa tsakiyar Tokyo, kuɗin cefanen mako biyu zai tafi a zama ɗaya. Hau jirgin ƙasa ko bas, ka nemi katin Suica ko Pasmo, na biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas, ka zuba masa kuɗi. Wutarsu bolt 100 ce, soket ɗinsu mai baki biyu siriri. Cajar waya da ta kwamfuta za su yi aiki da ɗan mahaɗi, dutsen guga da hita kuwa nauyin banza ne.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne. Kalmar buta, a harshensu, alade take nufi. Wallahi ba wasa nake ba. Ka ga idan ka shiga shago kana tambayar buta don alwala, sashen naman alade za a raka ka, ana murmushi. Ka haddace alama biyu tun kana gida: 豚 ta alade, 酒 ta giya. Amma rashin ganinsu a jikin leda ba ya nufin ka tsira. Miyar taliyarsu ta ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa ta, kitsensa yana shiga wasu burodi da biskit, sannan akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda muke jefa magi. Shi ya sa a watannin farko tukunyarka ita ce rufin asirinka. A unguwar Shin-Okubo ta Tokyo akwai jerin shagunan halal, za ka samu naman rago da kayan ƙamshi, kuma shagunan Gyomu Super na sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal a farashi mai sauƙi. Kifi, ƙwai da shinkafa kuwa sai ka ture.

Mu a gida gabas da alƙibla abu ɗaya ne, har muna cewa wane ba ya kallon gabas. A Japan alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa. Na san wanda ya yi kwana uku yana ba Ka'aba baya da zuciya ɗaya. Lokutan ma suna yawo: a watan Yuni rana na fitowa a Tokyo wajen ƙarfe 4:25, asuba tun kafin 3:00 ta shiga, a Disamba kuwa 4:30 na yamma an yi magariba. Ba ladanin da zai tashe ka, sai wayarka. Tokyo Camii, masallacin da Turkawa ke kula da shi a Yoyogi-Uehara, yana cika ranar Juma'a, na Kobe kuwa tun 1935 yake tsaye, shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Filayen jirgin Narita, Haneda da Kansai duk suna da ɗakin salla.

Zama da maƙwabta kuma, shara ce ke fara haɗa baƙo da su. Kowane iri da ranarsa: mai ƙonuwa daban, kwalba daban, gwangwani daban. Ka cakuɗa, a manna wa ledarka takarda a bar maka ita a wurin, kowa ya san ta waye. Ba a amsa waya a cikin jirgin ƙasa. Bangon ɗaki siriri ne, hirar bidiyo da 'yan gida da ƙarfe ɗaya na dare maƙwabci yana jin har gaisuwar kaka. Alƙawarin ƙarfe 9:00 kuwa, ana sa ran ganinka tun saura minti biyar. Wata rana wayarka za ta kurma wani irin ihu na gargaɗin girgizar ƙasa, ƙasa ta motsa; shiga ƙarƙashin teburi ka kare kanka, kada ka ruga waje. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.

Gurbin da kilishi ya bari a jaka, cike shi da safa masu kyau, marasa huji, domin a gida, a wasu gidajen abinci, har a wasu asibitoci, sai ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ƙara da ɗan ƙaramin tawul na aljihu. Bayan gidansu yana da ruwan tsarki mai fesowa, har da ɗumi, wannan kam sun hutar da mu. Sai dai ɗaga ƙafa a wanke a kwamin wanke hannu na tasha, a bar ƙasa jiƙe, abu ne da suke ƙyama ƙwarai, ko ba su furta ba. Ni nakan yi alwalata a gida kafin in fita, in kuma ta karye a hanya, in ɗebi ruwa a 'yar gora in nemi lungu, in goge wurin da tawul ɗin kafin in tashi.