Yadda ake yi in kunkurun ruwa ya kasa saɓa

Da farko dai dan Allah ka janye farcenka daga bayansa. Yawancin masu kunkurun ruwa, irin mai jan kunnen nan ɗan asalin Amurka, da sun ga ɓawo ya ɗago sai su ɓantare wai taimako, alhali ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, akwai jini da jijiya a ƙarƙashi, yana jin zafi. Saɓar lafiya ɓawo ne siriri, in ka ɗaga shi kana hango haske ta ciki, kuma da kansa yake faɗowa ka tsince shi a ruwa.

To sai ka duba inda yake shan hantsi, nan ne ni na sha kashi. Dutse na sa mishi a tsakiyar baho ina ganin na gama, ashe ruwa na shafar saman dutsen, kullum cikinsa a jiƙe. Wata da watanni ɓawo na hawa kan ɓawo har bayan ya yi kauri ya yi fari-fari, ni kuma ina ta canza abinci. Dole wajen ya bushe ƙayau, kunkurun ya fito daga ruwa gaba ɗaya har ƙasan cikinsa, kuma ya zama da gangare mai kaushi da zai iya hawa, in da santsi zai gwada sau biyu ya haƙura. Ni katako na fi so, tayil kam ban yarda da shi ba. Zafin wajen ya kai kamar digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, ruwan kuma 24 zuwa 26, in duk ɗaya ne ba abin da zai fito da shi.

Sai haske. Da hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, jikinsa ke yin bitamin D3, da bitamin ɗin kuma sinadarin kalsiyam ke shiga ƙashi. Kwan UVB akwai tsada, ga shi bayan wata 6 zuwa shekara ƙarfinsa ya tafi ko da yana kamawa, ga wuta ba tsayawa take ba. Rana kyauta ce, ka fitar da shi tsakar gida da hantsi, amma ba ta bayan gilas ba don gilas tare UVB yake. Rabin bahon a inuwa, ranar azahar a ɗan ruwa kaɗan dafa shi za ta yi.

Sauran masu sauƙi ne. Sau ɗaya a sati ka goge bayan da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ba sabulu, kar ka shafa mishi mai ko basilin. Ruwa ya fara wari ka zubar. Ka ƙara ganye ka rage nama in ya girma. Wanke hannu bayan ka taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonela.

In ka danna ka ji ƙoƙon ya yi laushi, ko yana ɗoyi, ko ka ga ja-ja da ramuka, wannan ciwo ne ba saɓa ba, ɗauke shi sai wajen likitan dabbobi.