Ƙullutu a Ƙafa ko Hannu: Kurakuran da ke Sa a Rikita Ƙaya da Ciwon Daji

Wani dattijo makiyayi ya zo mana Marwa, a arewacin Kamaru, da ɗansa daga wajen Mindif. Yaron na da ƙullutu a sha-raɓa, kamar ƙwan kaza, wata bakwai yana nan. A inda suka fara zuwa an ce musu daji ne, har an ambaci yanke ƙafa. Na ce, "Baba, yaron nan ya taɓa taka ƙaya?" Ya ce, "Likita, wane makiyayi ne bai taka ƙaya ba?" Da muka ɗora eko, wato na'urar duba cikin jiki irin ta awon ciki, sai ga tsinke a tsakiyar ƙullutun. Ƙayar aduwa ce. Har yau ina tuna yadda hannun dattijon ke rawa da na ɗora masa ita a tafi.

Idan ƙaya, sartse ko ɓallin kwalba ya karye a cikin nama, jiki ba ya iya narkar da shi. Sai ƙwayoyin garkuwar jiki su yi masa ƙawanya, wasu su haɗe su zama manyan ƙwayoyi, nama mai tauri ya lulluɓe su. Wannan ƙullin ne ake kira giranuloma. Ramin da ƙayar ta shiga ya daɗe da rufewa, don haka idan ka taɓa sai ka ji kamar ƙari.

Kuskuren farko a wajen tambaya yake. Mukan ce "ka ji ciwo a wurin?", mara lafiya ya ce a'a, mu wuce. Mutumin da ke girbin masakwa ko bin shanu cikin bagaruwa da farar ƙaya ba ya lissafa suka a cikin ciwo. Ka tambayi sana'arsa, da irin takalmin da yake sawa, da ko an taɓa cire masa ƙaya da allura ko reza a gida. Idan ƙullutun a ɗuwawu ko cinya yake, ka tambayi tsohuwar allura. Ka koma baya da shekaru, kada ka tsaya a makonni.

Sai dogaro da radiyo, wato hoton ƙashi (X-ray). Hoton radiyo na nuna ƙarfe, tsakuwa da yawancin gilashi, amma itace da ƙaya galibi ba sa fitowa. Hoto ya fito fes, sai a ce babu komai a ciki. Eko ne maganin wannan: ƙaya kan fito a matsayin layi mai haske, da inuwa a bayanta, da baƙin zobe kewaye da ita. A yi amfani da miƙaƙƙen kan na'ura da ake duba abin da ke kusa da fata, don lanƙwasasshen da ake awon ciki da shi kan tsallake ƙaramin tsinke. A duba a tsaye, a duba a kwance.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, zagaye na biyu da na uku ɓarnar kuɗi ne. Kumburin zai sauka ya dawo muddin ƙayar na ciki. Haka sakiyar wanzami.

Kuskuren da ya fi hana ni barci shi ne kishiyar na yaron Mindif, wato a ɗauki daji a matsayin ƙaya. Sankarar tsoka, wadda ake kira sarkoma, sau da yawa ba ta ciwo a farkonta, kuma kusan kowa zai iya tuno ranar da ya buge a wurin. Labarin ƙaya shi kaɗai ba hujja ba ne, sai ka ga ƙayar da idonka a eko. Idan ƙullutu ya haura santimita 5, ko yana zurfi cikin tsoka, ko yana ƙara girma, ko an taɓa cire shi ya dawo, ka ajiye aska. Wanda ya tsaga sarkoma a ƙaramin ɗakin tiyata da niyyar "mu buɗe mu gani" ya watsa ƙwayoyinta cikin lafiyayyen nama, kuma likitan da zai gyara dole ya yanke fiye da abin da zai yanke da farko, wani lokaci har ƙafar. Irin wannan sai a tura shi babban asibiti a Garwa, Yawunde ko Njamena, a yi hoton IRM, wato hoton cikin jiki na na'urar maganaɗisu (MRI), idan da hali, a ɗebi samfur da allura kafin tiyata. Idan dole sai an tsaga don ɗibar samfur, a tsaga a tsawon ƙafa ko hannu, kada a gitta.

Akwai kuma cututtukanmu na nan da littattafan Turai ba su cika kawowa gaba ba. Maisetoma ma ta sukar ƙaya take shiga, ta fi kama ƙafar manomi da makiyayi, kuma Cadi da Sudan na cikin yankin da ta fi yawa. Alamarta kumburi marar zafi da ƙananan ramuka masu fitar da ƙwayoyi kamar yashi, baƙaƙe, farare, rawaya ko ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Cire ƙaya ba ya warkar da ita, sai an sha magani na watanni. Mutumin da ya fito daga kwarin Vina, wajen Tuboro, da ƙullutu a kan ƙashin ƙugu ko gwiwa, a tuna da tsutsar makantar kogi.

Abin da aka ciro kada ya tafi kwandon shara, ko da an ga ƙayar. A sa shi a fomalin, ruwan adana nama, mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka girman naman sau 10, kada a sa a ruwan gishiri. A rubuta wa mai binciken nama sana'ar mara lafiya da labarin suka, don ya nemi ɓurɓushin itace da hasken da ke bayyana shi. Idan sakamako ya ce giranuloma, kada a ɗauka tarin fuka ne a garzaya a fara maganinsa, a karanta wace iri ce aka rubuta.

Kafin a ɗinke, a sake ɗora eko, don ƙayar da ta daɗe a nama takan rududduge gida biyu ko uku. A kuma tambayi yaushe aka yi masa allurar tetanus ta ƙarshe.