Idan masu sola suka zo neman gonarku

Bara wasu mutane suka sauka Kumo, a jihar Gombe, da taswira a hannu, suna neman kadada uku a gonar gadonmu su kafa ƙaramar tashar sola. Yaya ya so a karɓi kuɗi ran nan. Na ce, "Yaya, a dakata tukuna." Sai da muka yi wata biyu muna zirga-zirga.

Ku fara da magada. Gonar da ba a raba ba, ba ta mutum ɗaya ba ce. Kowa ya sa hannu, har mata, in kuwa da gardama a je kotun shari'a a raba. Ƙanwar da aka manta yau ita za ta kai ƙara bayan an kafe ƙarafa.

Takardar dagaci shaida ce mai kyau, amma ba ta wadatar. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ba da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, galibi ta shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma na iya ba da takardar mallakar gargajiya. Fili mai C of O ba a sayar da shi ko a jinginar sai gwamna ya amince, haka sashe na 22 ya ce. Ku je GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, a Gombe a duba ko akwai sunan wani a kan filin, ku ɗauko mai safiyo ya kafa duwatsun iyaka. A tabbata ba a ci burtali ba, don rigimar makiyaya ta fi ta kotu ɗaci.

Ni dai haya na zaɓa, ban yarda a sayar ba. Faifan sola kan kai shekara 25, naira kuwa kun san halinta. Muka sa lauya ya rubuta cewa za a riƙa sake duba kuɗin haya duk bayan shekara uku, kuma kamfani ne zai kwashe ƙarafansa da kankarensa ranar tashi.

Su ma ku nemi takardunsu, musamman rajista ko izinin hukumar lantarki.

In gwamnati ce ta karɓi filin don amfanin jama'a, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini take biya, ba ta ƙasar kanta ba. Shi ya sa tun kafin a auna muka ƙirga ɗorawa da kuka da mangwaro a gaban mai unguwa, muka ɗauki hoton kowace.