Kafin Ka Biya Kuɗin Sayen Gida a Kaduna

1. Nemi lauyanka da kanka, ba wanda dillali ya kawo maka ba. Duba ko yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya.

2. Ku daidaita kuɗin aikinsa tun farko, a rubuce.

3. Lauyan ya je KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, ya binciki takardar mallakar gidan: sunan wa ke kai, kuma an jinginar da ita a banki? Idan gidan gado ne, don Allah ka yi haƙuri har kowane magaji ya sa hannu, ko da yana Legas, ka kuma ga takardar rabon gado da idonka.

4. Biya ta banki, a gaban shaidu.

5. Lauya ya nemo amincewar gwamna kan cinikin, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada.